Muryar Khala da kaskon turarena

Shekarun baya, tun ba a fara barin mata su yi tuƙi a nan ba, sana'a biyu nake riƙe da su a Makka. Ni ke kula da wata ƙungiyar mata biyar masu waƙa da duffu, wato bandiri, a bukukuwan aure: in karɓi waya, in tsara rana, in nemo mota. Sannan na yi wani kwas na wata uku a kan abin da ake kira warkarwa da ɗaƙa, wato wani ƙarfi da aka ce yana zagaya jiki, in ya toshe sai ciwo ya zo. Na ware ɗaki a gidanmu a unguwar Mansur, mata na zuwa mu ja numfashi a hankali, mu yi azkar, su faɗi damuwarsu. Kafin kowane zama sai na rufe taga na cika ɗakin da turaren wuta, wai ina tsarkake iska.

Babbar mawaƙiyarmu wata dattijuwa ce da muke kira Khala. Saboda muryarta ake nemanmu. Saura mako uku wani babban biki a unguwar Misfala, sai muryar ta fara dishewa.

Nan take na gano ciwon, a ganina. Na ce mata ɓacin ran da take haɗiyewa ne ya taru a maƙogwaro. Ita kuma ta ce bakin mutane ne. Muka dai haɗu a kan ta riƙa zuwa kullum bayan La'asar. In ninka turaren, in ɗora tafina kusa da wuyanta, in ce ta ja numfashi har ciki. In ta yi tari sai in ji daɗi, in ce abin ne ke fita.

Cikin mako guda muryarta ta koma raɗa. Ran nan ta kama hannuna ta ce, "'Yata, in muryar nan ta tafi, ni wace ce?"

Mahaifiyata ce, da ta daɗe tana kallonmu, ta ce ita ba ta san ɗaƙa ba, amma ta san asibitin da ke ƙarshen layi. "Ki kai baiwar Allah, in kin dawo ki ci gaba da mafarkinki."

Da na kai ta asibitin, wata likita ta haska maƙogwaron, ta tambaya ko Khala na shan shisha. Khala ta dafe ƙirji tana istigfari cikin raɗa. Sai likitar ta matso, ta shinshina abayarta, ta shinshina tawa, ta tambaya wa ke ƙona turare haka.

Na ɗaga hannu kamar 'yar aji.

Ashe ɗan mura ne da farko, hayaƙina ya mayar da shi kumburi. Likitar ta ce babu ƙari, babu wani abin tsoro. Magani, shiru na kwana goma, kuma kada ta kusanci hayaƙi. A hanya Khala ta yi ta dariya marar sauti har da hawaye, ni ma ina hawayen, amma nawa daban.

Da hantsin kwana na sha ɗaya Khala ta shigo kicin ɗinmu ba sallama, ta jingina da ƙofa, ta ɗauko salati. Muryar ta fito tas, har mahaifiyata ta ajiye ludayi. Mun yi bikin Misfala, bayan na sha fama da dangin amarya a kan a nisanta kasko daga wurin mawaƙa.

Har yanzu mata na zuwa ɗakina, kuma na yarda sauraro da addu'a suna sauƙaƙa zuciya. Sai dai taga a buɗe take, kuma tambayata ta farko ita ce ko an ga likita. Na koyi cewa son mutum bai isa ya mayar da ni mai sanin ciwonsa ba.

Khala kuwa ba ta manta ba. Ko gyaran murya na yi a gabanta, sai ta dube ni da tausayi ta ce, "Sannu likita. A kawo kasko?"