Yadda Kawu Ya Shirya Ni Ganawar Shiga Makaranta

Shekarar da na ci bak, jarrabawar kammala sakandare, wata makarantar koyon aikin gona a Maradi ta karɓi takarduna, amma aka ce sai an gana da kowane ɗalibi baki da baki kafin a ɗauke shi. Malamai uku za su zauna, ka shiga kai kaɗai, su yi maka tambayoyi da Faransanci. Rubutu bai taɓa ba ni tsoro ba. Magana gaban manya ce ban iya ba, don a gidanmu na Madarunfa ko ruwa zan kai wa Baba, idona na ƙasa har in fito.

Kawu, yayan Inna, shi ya ɗauki nauyin shirya ni, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe yana ratsa iyakar Ɗan Issa da kaya har ciwon baya ya zaunar da shi. Bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba.

"Ɗiyata," in ji shi, "babu irin mai zama bayan tebur da ban tsaya gabanshi ba. Ɗan duwan mai binciken kaya, jandarma, duk halinsu guda."

Kullum bayan la'asar sai ya jawo teburin da Inna ke jera man gyaɗa a kai, ya kafa shi gindin dogon yaro, ya ɗora tabarau. Inna ya zaunar da ita a damansa da tiren gyaɗarta tana ɓara. Malami na uku kuwa turmi ne aka kife. Ni sai in koma zaure, in ƙwanƙwasa, in shigo.

Ranar farko sau bakwai ya mayar da ni. Na durƙusa gaisuwa, ya ce can ba a durƙusawa. Na zauna a bakin kujera, ya ce kamar mai shirin gudu. Da ya ce in dube shi cikin ido, Inna ta ajiye tire.

"Yaya, rashin kunya za ka koya mata?"

"Na kwana guda ne. In ta dawo ki karɓe abinki."

Na kasa. Sai ya ce in riƙa duban tsakanin girarsa, ba wanda zai gane bambanci. Da haka na koya.

Akwai tambayar da kowa ya ce ba ta wuce ta: me ya sa kike son aikin gona? Na rubuta amsa mai kyau da Faransanci a kaye, littafin rubutuna, na haddace. Da na karanto masa, sai ya girgiza kai.

"Ko kalma ban ji ba, amma na san hadda ce. Maida mani da Hausa."

Na ce ina so in ba da gudummawa wajen ci gaban ƙasa da wadatar abinci. Inna ta yi dariya har gyaɗa ta zube.

"Ke da kika yi kuka kan waken Safo?" in ji ta.

Gaskiya ne. Ina ƙarama kakata ta Safo ta samu wake mai yawa wata shekara, ta ajiye shi don ya yi daraja, da aka buɗe buhunan ƙwari sun mayar da shi gari. Ni ce na yi kukan. Tun daga nan kowace kaka nakan zuba wake a ƴan gwangwanaye, wani da toka, wani da yashi, wani da barkono, wani in toshe bakinsa sosai, in jira in ga wanne zai tsira.

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga yatsa.

"Wanga duk ki bar shi gida. Abin da aka tambaye ki shi kaɗai za ki amsa, a gajarce. Mai dogon bayani shi ake sauke ma kaya."

Ranar ganawar ya sa babbar rigarsa ya raka ni Maradi, duk da bayansa. Ya tsaya bakin ƙofa wurin mai gadi. A ciki na tarar da maza biyu da mace ɗaya. Na gaishe su a tsaye, na zauna daidai, na dubi tsakanin gira. Suka fara tambaya, ina ba su eh da a'a. Ina gani ɗaya daga cikin mazan ya fara duba agogo.

Sai matar ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi, ta ce da Hausa, "Ƴata, ba da laifi muka kama ki ba. Me ake nomawa a gidanku?"

Na ce gero da wake.

"Yaya kuke ajiye waken?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na koma Faransanci, inda kalma ta ƙi zuwa in sa ta Hausa in wuce. Dattijon cikinsu ya ce toka ba ta hana komai. Na ce tana hanawa in an zuba ta da yawa, na gwada shekara uku. Muka yi ta ja har matar ta tuna mana akwai masu jira a waje.

Ina fitowa Kawu ya tare ni. "Kin gajarta?"

Na gaya masa gaskiya. Ya dafe kai ya yi salati. Amma bai yi mini faɗa ba ko kaɗan. Ya saya mini tsire a tasha, duk hanya yana ba ni haƙuri, yana cewa akwai baɗi, kuma shi zai yi wa Baba bayani.

Bayan mako biyu sunana ya fito. Kafin magariba duk majalisar ƙofar masallaci ta ji cewa Kawu ne ya ce in saki baki in ba su labarin wake. Inna ta dube ni, na dube ta, ba wadda ta ƙaryata shi.

Ranar da zan tafi, shi ya riga kowa zuwa tasha. Ya zagaya motar yana buga tayoyi da ƙafa, ya sa direba ya buɗe masa gaba ya duba ruwa, sannan ya zaɓa mini gefen da rana ba za ta doke ni ba.