Gwaggo Nas da Gadon Bakin Taga

Ranar Talata, sha ɗaya ga wannan wata, ina tsaka da gyaran rubutun shirinmu na asibiti, babbar 'yarki ta kira ni ta ce Allah ya yi miki rasuwa. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Masu kallon talabijin sun san ki da Gwaggo Nas, shugabar masu jinya mai faɗan tsiya, wadda ko likita ya ji takunta sai ya gyara tsayuwa. Ni da nake rubuta shirin, na san wata Gwaggon bayan wannan.

Ba zan manta shekarar da Baba Tari ya rasu ba. Shi ke fitowa a matsayin majinyacin gadon bakin taga, wanda ba ya warkewa, ba ya kuma yarda a sallame shi. Kullum sai ki kai masa magani, ya ɓoye a ƙarƙashin filo, ki kama shi, ku yi ta cacar baki 'yan kallo na dariya. Da ya rasu da gaske, darakta ya ce in rubuta cewa an sallame shi kawai, wai shirin barkwanci ba wurin kuka ba ne. Kika ce, "Mutumin da ya ƙi sallama yana raye, shi za mu sallama a bayan idonsa? Ku bar mutane su yi masa ban kwana."

Da darakta ya amince, na zauna na tsara miki dogon jawabi, har ina yaba wa kaina. Ranar ɗaukar shirin kika shigo da farantin magani, abin da kika saba ya riga ki, kika daka tsawa tun daga ƙofa, "Baba, ɗaga filon nan in gani!" Kika ja labule, gado babu kowa. Sai kika ɗaga filon da kanki. Ga 'yan alewar da muke sawa a madadin ƙwayoyi, suna nan tun fitowarsa ta ƙarshe, ba wanda ya lura. Kika yi dariya, muryarki ta karye, kika ce, "Ko na ƙarshen ma bai sha ba." Mai kyamara bai tsaya ba. Jawabina kuwa ko kalma ɗaya ba ki faɗa ba, kuma na daɗe da yafe miki.

Daga nan kika kafe cewa ba za a nuna ba sai matar Baba Tari ta gani ta amince. Tun rasuwarsa ta lulluɓe talabijin da zani, ta hana a ambaci shirin a gidan, ta daina fita ko ƙofar gida. In ta ce a'a, aikin ya tashi a banza, kin kuma yarda da hakan. Muka je falonta, muka kunna mata shirin. Ta kalla, hannunta cikin naki. Da aka zo wurin filon sai ta ce, "Wallahi haka yake min a gida!" Ta yi dariya har hawaye suka zubo, ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa. Da ta share ido ta ce, "Ku sa, kowa ya gan shi."

Jiya, Gwaggo, ita ce ta riga kowa zuwa gidanki. Na same ta zaune tsakanin 'ya'yanki, autarki ta kifa kai a cinyarta. Tana shafa mata baya tana cewa, "Yi kukanki, 'yata, kada ki riƙe. Dariya za ta dawo, ni shaida ce. Uwarki ce ta kawo min ita har ɗaki."

Muna kewarki ƙwarai. Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, 'ya'yanki, jikokinki da abokan aikinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya kyautata namu ƙarshen.