Sadiƙa da Suwic Mai Baki Takwas

In anka ce a faɗi mai taurin kai a duk ƙasar Gobir, ba sai na yi dogon tunani ba, Sadiƙa za ni faɗi. Taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, don haka ina da damar faɗin aibinta a gaban kowa, kuma ina faɗi. Ni sunana Bawa, kabu-kabu nake yi tsakanin Sabon Birni da ƙauyuka, har Isa nakan je idan hanya ta yi sanyi.

A Unguwar Lalle anka haife ta. Tun tana ƙarama in ka ce mata bari, to ka ba ta aiki ke nan. Ta yi shekara goma sha huɗu tana buga takardu a wani ofis cikin Sabon Birni, tun ana amfani da tafireta har kwamfuta ta zo ta koya da kanta. Da mijinta ya rasu ta ci gaba da zama a gidan da ya bar mata. Ranar da ofishin ya yi gwanjon tsofaffin kwamfutoci, mutane na dariya ta sayi guda biyar. Ni na kwaso su a bayan mashin, sawu uku, ina zaginta tana ramawa.

Ba don ado ta saye su ba. Akwai mata huɗu da sunka je Sakkwato jarrabawar shiga makarantar ungozoma, anka zaunar da su gaban kwamfuta, alhali ba wadda ta taɓa aza hannu a kanta. Sun san amsa, hannu ne bai sani ba, har lokaci ya ƙare. Mu kuwa nan duk ma'aikaciyar lafiyar da anka turo daga nesa ba ta wata biyu sai ta nemi canji, kuma wallahi ban ga laifinta ba, kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Sadiƙa ta ce to, tunda na nesa ba su zama, sai mu yi namu. Ta share ɗakin baƙi, ta sa sola da batir, ta kira matan.

Sai dai tambayoyin gwaji irin na jarrabawar, da matan za su koya da su, suna cikin kwamfuta ɗaya tak. Wani malami ne ya zuba mata su, ya ce sauran huɗun ba za su gani ba sai an haɗa su da ita da waya. Don haka layi matan ke yi, kowa ta ɗan taɓa ta tashi, sauran kwamfutocin na zaune kamar baƙin kunya.

Ana cikin haka wanta, Yaya Abbas, ya zo suna. Shekara uku ke nan da ya kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato, bayan ya binne abokansa biyu a mako ɗaya. Ba mugun mutum ba ne, tsoro yake ji, kuma tsoronsa na da dalili. Ya leƙa ɗakin, ya girgiza kai.

"Ke Sadiƙa, mi ya zaunar da ke garin ga? Wanga tarkace? Biyar kin jera, guda ɗaya ka aiki. Ki haɗa kayanki mu tahi."

"Ba ni zuwa, Yaya."

"Ba shawara nike ba ki ba."

Ta gyara mayafinta. "To ba ni kwana goma sha huɗu. In ka zo ka ishe dut biyar ba su aiki tare, da ƙafata za ni shiga mota. In ko suna yi, ka bar ni da maganar ga har abada."

Ya ce ya ji. A gabana anka yi, ni da limamin unguwa. Na san Sadiƙa, in ta faɗi magana ba ta lashe ta, ko da za ta kashe ta.

Da ma ina da niyyar zuwa Sakkwato sayen kayan mashin, sai ta ce in sayo mata suwic, shi ne abin da malamin ya ce ana haɗa kwamfutoci da shi. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na shiga shagon kayan wuta, na zaɓi mafi kyau, fari fat, mai madanni uku, har mai shagon ya rantse mani zai fi shekara goma bai lalace ba. Na kawo shi ina taƙama.

Ta juya shi a hannunta, ta danna, ya yi ƙas. Ta sake dannawa.

"Bawa, kwamfuta na ce maka ko fitila?"

"Suwic kika ce! Duk garin ga suwic nawa anka sani?"

"Allah Shi shirya ɗan mace. Da jakin Baffa na aika, da aƙalla ya dawo mani da kuɗina."

Na ce ai jakin Baffa ma ba ya aiki da aiken da ba a bayyana ba. Munka yi ta yi, amma a zuci na ji kunya, don kwana huɗu sun tafi a banza saboda ni.

Wannan karon ba ta yarda da kaina ba. Ta jingina tsani a bango, ta hau da wayarta mai layin Nijar, don shi ke kamawa in namu ya ɗauke. Daga can sama ta kira wani Kamalu mai shagon kayan kwamfuta a Sakkwato, ta yi ta yi masa tambaya kamar alƙali. Yana buƙatar a yi masa wani saiti, ko da an soka waya shi ke nan? Ya ce akwai wanda da an soka ya kama aiki. Ta ce shi take so, ba ta da mai zuwa yi mata gyara. Wace wuta yake ci? Ta ce sai wanda zai sha kai tsaye daga batirin sola. Jikinsa roba ne ko ƙarfe? Ta ce ƙarfe, ɗakinta da zafi kuma da ɓeraye. Sai Kamalu ya ce tunda kwamfutocin biyar ne, ta ɗauki mai baki biyar, ya fi araha.

A gindin tsanin akwai Illo zaune. Bafulatani ne dattijo daga wajen Burkusuma, shi ke kawo matarsa Fadima karatu a kan mashin, ya jira ta har a tashi. Ya ji maganar, ya ɗaga kai.

"Malama, mu dai in muna dangwali, igiyar ɗaurin maruƙa, ba mu yin shi daidai da maruƙan da ke tsaye. Ana barin wurin waɗanda ba a haifa ba."

Sadiƙa ta yi dariya daga kan tsani, ta ce wa Kamalu mai baki takwas. Ni na ce mata wannan hauka ne, mutane na barin gari ke kina sayen wurin waɗanda ba su zo ba. Ta ce in na gama wa'azi in miƙo mata biro. Ta rubuta komai a takarda, ta sa a aljihuna, ta kama da fil.

Abin da na kawo ɗan akwatin ƙarfe ne baƙi, bai kai faranti ba, da nadin waya, da kawunan waya na roba, da wata filaya ta matse su. A cikin kowace waya akwai sirara takwas masu launi, kuma sai an jera su bi da bi yadda Kamalu ya zana mata, in ɗaya ta tsallake 'yar'uwarta an yi asarar kan. Ta ɓata shida. Na bakwai ta zauna ta miƙe ƙafa, ta riƙa raba su da farce yadda take raba gashi in tana kitso, sai ga shi ya shiga. Ni aikina buga ƙusa. Munka kafa akwatin can sama inda awaki ba su kaiwa kuma ruwan rufi ba ya ɗiga, munka bi bango da wayoyin. Kowace waya ta ɗaura mata ƙyalle kala daban a kai da gindi, don ta san wace ce ta wace. Malamin ya faɗa mata lambar da za ta ba kowace kwamfuta, ta rubuta da alli a bango. Rana ta goma sha biyu fitilu biyar kore sunka kama, tambayoyi sunka fito a kowane allo. Matan har guɗa sunka yi. Ta yi waya ta shida ta ajiya, ta soka baki ɗaya a akwatin don gwaji, ta bar ɗayan a naɗe a ƙasa.

Ranar alkawari da hantsi Yaya Abbas ya iso da a-kori-kura, bayanta cike da buhunan banza da igiyoyin ɗaurin kaya. Shi bai zo kallo ba, ɗauka ya zo yi. Matan huɗu na zaune, Sadiƙa ta kunna komai da fara'arta.

Babu abin da ya buɗe. Allunan sunka tsaya cik. Fitilun akwatin kuwa sai ƙyaftawa suke gaba ɗaya da sauri, ba irin ta jiya ba. Ta kashe ta kunna, haka. Ta sake, haka. Na ga gumi ya jiƙa mata mayafi, abin da ban taɓa gani ba.

Yaya Abbas ya ba ta lokaci, ba zan yi masa ƙarya ba. Can ya ce a hankali, "Alkawari kaya ne, Sadiƙa." Ya leƙa waje ya ce wa direba ya shigo da buhuna.

Wallahi ji na yi kamar in fasa akwatin nan. Fadima ta sa mayafi ta rufe fuska.

"Kwana goma sha huɗu na ce, Yaya," in ji Sadiƙa. "Ko azahar ba a kira ba. Kowa shi tsaya inda yake."

Ta hau kujera, ta kai fuskarta dab da akwatin, ta ƙirga da yatsa. Kwamfuta biyar, amma fitila bakwai ke ci. Ta bi waya mai jan ƙyalle ta same ta a wurinta, ta bi mai shuɗi, ta bi mai rawaya, har ta zo kan wayar ajiyar nan da ba ta da ƙyalle. Ta bi ta da hannu, ta sauka bayan tebur, ta zagayo, sai ga ta ta koma cikin akwatin ta baki na bakwai.

"Wa ya taɓa wayar ga?"

Illo ya miƙe daga bakin ƙofa, ya cire malfarsa. "Ni ne, Malama. Da munka iso kina cikin gida, na ga bakin igiya yashe a ƙasa. Mu ba mu barin shi haka, dabba ka taka shi ko ta tauna. Na ga rami babu kowa, na sa shi."

Ta dube shi, na ɗauka za ta yi masa irin wanda take mani. Sai kawai ta fizge wayar. Nan take fitilun sunka natsu, kowace na ƙyaftawa da nata lokaci. Daga baya Kamalu ya ce mata in anka mayar wa akwatin da wayarsa, saƙon da ya tura shi ke dawo masa, ya sake turawa, ya yi ta zagaye har ya toshe hanyar kowa. A lokacin dai mu abin da munka gani shi ne allo na farko ya buɗe, na biyu ya bi, har na biyar.

"Ku fara," ta ce wa matan. "Fadima, share hawayenki, lokacinki na tafiya."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar madannai. Yaya Abbas ya bi bayansu ɗaya bayan ɗaya yana duba alluna, ko zai sami wanda bai yi ba. Bai samu ba. Ya fito tsakar gida, ta biyo shi, ni ma na biyo su.

"Kin ci," ya ce. "Amma kin san abin da nike tsoro. Kullum wayata ta yi ƙara da lambar garin ga, sai na yi salati kafin in ɗauka."

"Na sani, Yaya. Ni ma ina jin tsoro, kar ka ɗauka ba ni ji. Amma in na tahi, wa za shi buɗe ɗakin ga gobe?"

Ya goge ido da hannun riga, ya sunkuya ya fara tattara buhunan da direba ya zube, zai mayar mota. Ta taka bakin ɗaya da ƙafarta.

"Waɗanga ka bar mani su. Gerona na Unguwar Lalle ya kusa yanka."