Ranar da Mama ta kira sunan Yaya

Kai jama'a, bari in gaya muku abin da ya hana ni sukuni tun jiya! Ina tsaye a bakin titin Samaru ina jiran mota, sai na ji wata mata ta ƙwala wa ɗanta kira, ƙawarta na dariya tana cewa, "Ɗan farin naki kike kira haka gatsal?" Nan take na ji kamar an mayar da ni gidanmu na haya a Jushi, ina 'yar aji biyu a firamare.

Yayana shi ne ɗan farin Mama, kuma sunan kakanmu mahaifin Baba aka sa masa. Kun ga kunya biyu ke nan. Mama ba ta kiran sunansa, ba ta masa wasa a gaban mutane, in za ta ba shi abinci sai ta ce mini, "Kai wa wancan." Kaka, wadda muke zaune tare da ita, Maigida take ce masa. Baba ya ce Babba, mu kuma Yaya. Shi dai ba ya amsa ko ɗaya. Ba ya kallon idon kowa, baƙi kuwa sai yabo suke: yaro mai ladabi, kansa kullum a ƙasa. Yakan wuni a gindin famfo yana jera marafan kwalba, in aka kunna injin niƙa na maƙwabta ya toshe kunnuwa yana jijjiga jiki. Makarantar unguwa ta mayar da shi gida, aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi har ɗakinmu ya riƙe warin.

A ɗakin ƙarshe akwai wata malama Kirista 'yar kudancin Kaduna, Anti muke ce mata, tana koyarwa a Samaru. Ita ta fara faɗa mana kalmar otizim, abin da wasu ke kira galahanga. Ta ce makarantarsu na da ɗan aji na irin waɗannan yara, amma ajin yana bakin titi, ba a karɓar yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi.

"Suna ɗaya za ku tsayar masa," in ji Anti. "Kuma ke za ki riƙa kira, Maman yara. Zaninki kaɗai yake riƙewa."

Mama ta rufe baki da gefen mayafi. "Ni? Ko dai shirun da na yi masa ne ya jawo?"

"A'a, haka Allah Ya halicce shi, ba laifinki ba ne. Amma muryarki yake ji."

Da damina aka fara. Da farko a kicin Mama take kiran, da raɗa, ƙarar ruwa a kan kwano na rufe muryarta. Anti ta ce bai isa ba, sai daga nesa, da ƙarfi. Wata safiya Mama ta fito tsakar gida da ƙosai a hannu, mata na wanke-wanke, Kaka na ɓarar gyaɗa a kan tabarma. Ta tsaya ta kira sunan, cikakke. Har yau ina jin yadda ƙarar kwanuka ta tsaya cak.

"Ke!" Kaka ta ture faifan gyaɗa. "Sunan mijina kike yayatawa a tsakar gida? Haka aka koya miki a gidanku?"

Matar ɗakin tsakiya ta tafa hannu. "Yau ga sabon salo! Gobe kuma sai ki goya shi ki kai shi kasuwa."

Ni kuwa bayan randa na shige. Kunya ta rufe ni, ji nake kamar zanin Mama ne ya kwance a gaban jama'a. Kafin yamma yaran layi sun iya muryarta, in na fito aike sai su maƙe wuya su kira sunan suna ƙyalƙyala dariya. Na koma bin lungu in za ni makaranta. Yaya kuma ko motsi bai yi ba, yana can da marafansa.

Washegari Mama ta sake fitowa, haka ma jibi, idonta ja. Baba yakan fice wajen aiki da wuri don kada a sa shi a tsakiya. Kaka ta daina karɓar tuwon da Mama ta tuƙa, sai ni nake kai mata in ce na maƙwabta ne, ita ma ta san ba haka ba ne. Can sai ta ɓullo da wata dabara: da ta ga Mama ta ɗauko ƙosai, sai ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki ta ƙure rediyo. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma sake hanawa ba.

Masara ta fara shigowa kasuwa ranar da ya waiwayo. Bai kalli fuskarta ba, hannunta ya kalla, amma ya juyo, ya taso ya zo. Mama ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti ta rasa inda za ta sa fuskarta. Da aka koma makaranta bayan hutu, ita da Anti suka sa shi a tsakiya a motar Samaru, aka karɓe shi.

Yanzu yana aiki a wani gidan burodi a Chikaji, shi ke sa burodi a leda, maigidansa ya ware masa kusurwar da babu hayaniya. Ni kuma duk abin da na samu a waya game da otizim sai na karanta, ina ta damun mutanen gidanmu da bayani. Mama har yau in baƙi suka zo "wancan" take ce masa, amma in su biyu ne a ɗaki ina jin ta tana kira, yana amsawa.

Ku fa, akwai irin yayana a gidanku? Wa ya fara tsaya masa, kuma me aka ce da shi? Don Allah ku ba ni labari, ina son ji.