Hukuncin Mai Unguwa Tanko da Ba a Nuna Ba

Da damunar nan Haladu ya cika shekara ashirin da shida da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Taubashina ne, ɗan goggona, don haka ko yana kabari ina da damar tsokanarsa, kuma sai na yi. Sai dai yau haushi ne ya fi yawa a raina. Hannu uku ke nan wasan kwaikwayon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai yake shiga, amma har yanzu ba a sami wanda ya nuna ƙarshensa yadda shi ya tsara ba.

Yaran yanzu ba za su san lokacin da talabijin ɗaya ce tak a ƙauyenmu Turawa ba, mai baƙi da fari, a ƙofar wani mai shago, da batirin mota da ake kaiwa caji Karaye. Duk Alhamis bayan magariba wani gidan talabijin na Kano yana nuna wasa mai suna Gefen Burtali. Haladu, malamin firamare, shi ne yake fitowa a Mai Unguwa Tanko. Babu takarda babu hadda a wasan nan. Ranar kasuwa yake zuwa ya zauna kusa da masu fura yana sauraron rigimar mutane, da Hausa da Fulatanci duk yana ji, tunda uwarsa tamu ce, Bafulatana, ubansa manomi. Motar gidan talabijin takan zo sau ɗaya a wata a ɗauki kashi huɗu. Shanun da ake gani a ciki nawa ne, har wani bijimina ya fi ni suna a ƙasar Rogo.

Labarin ƙarshe a kan gonar gyaɗa ne. Shanu sun yi ɓarna, manomi ya kai ƙara, makiyayi ya ce an matse burtali har saniya biyu ba sa iya jerawa. Aka yi makonni ana ja, masu kallo suka rabu biyu, kowa yana jiran ranar da Tanko zai yanke hukunci.

Ina wurin aka ɗauki wannan kashi. Tanko bai zauna a kujera ba. Ya tasa manomi da makiyayi a gaba, tare da wata tsohuwa mai tallar nono da ta san tsohuwar iyaka, suka bi burtalin da ƙafa tana nuna inda shanu suke bi a da. Gonar farko da aka tarar ta ci hanya ita ce ta mai unguwa kansa. Gonar Haladu ce ta gaske, kuma da gaske ya ci taku huɗu, mu duka mun sani muna yin shiru. Ya tuɓe rigarsa, ya sunkuya ya dinga tumɓuke gyaɗarsa da ta fara fure, har ya kai ƙarshen gonar. Sannan ya ɗago ya ce da manomin, “To, saura kai.”

Alhamis ta zo, mutane suka yo tattaki har daga Kwanyawa. Aka kunna akwatin talabijin, sai ga wani mai kwat yana karanta jawabi. Ashe an yi sabon shugaba a gidan talabijin, ya ce wasan ƙauye yana cinye musu man mota, ya soke shi ba ko sallama. Haladu ya tafi Kano neman kaset ɗin. Aka ce masa kaset ya yi ƙaranci, an ɗauki wani biki a kansa. Gyaɗarsa ta tafi, hoton ma ya tafi.

Mu da muka gani mun faɗa wa mutane, aka ce shaci-faɗi muke, ina aka taɓa ganin mai unguwa ya kayar da kansa? Shi kuwa duk wanda ya tare shi a kasuwar Rogo yana tambayar wa aka bai wa gaskiya, amsarsa ɗaya ce: “Ku jira akwati.” Ya yi imani abin da aka gani da ido shi yake shiga zuciya, ba wanda aka ji a bakin wani ba.

Bayan shekara bakwai wani gidan talabijin dabam ya aiko masa takarda, za su farfaɗo da wasan. Haladu ya ɗinka sabuwar riga, ya aske gemu, na ce masa ango ne ko ɗan takara. Da ya je sai ya tarar sunan wasan kawai suke so. A bayan ofishinsu za a ɗauka, an ɗaure raguna biyu a matsayin garke, an rubuta masa abin da zai faɗa. Mai shirya wasan ya ce, “Malam, mutane dariya suke so. Ka zauna a kujera ka sa a zane su duka biyun, shi ke nan.” Haladu ya ce, “Ranka ya daɗe, burtalin fa?” Aka ce ba mai kallon burtali. Ya ninke rigarsa ya hau motar Karaye. Suka naɗa wa wani mutum ƙaton rawani ya zama Tanko, ya yi ta zabga wa mutane bulala ana shewa, wasan bai kai wata uku ba ya mutu. Wannan ya fi sokewar farko yi wa Haladu ciwo, don yanzu mutane sun ɗauka sun ga hukuncin. Daga nan ba wanda ya sake tambayarsa. Shekara biyu bayan haka ya kwanta ciwon ajali.

Watan jiya wasu samari uku suka zo wurina, ɗayansu jikan mai shagon nan ne. Sun gaishe ni har ƙasa, ba ni da abin cewa a kan ladabinsu. Suna so su dawo da Gefen Burtali a waya, guntu-guntu, minti uku-uku. Na zaunar da su na ba su labarin ƙarshen tun daga tsohuwa har tumɓuke gyaɗa. Suka dubi juna, babbansu ya ce, “Baba, yana da kyau, amma ba zai ja mutane ba. Da dai a sa a yi faɗa, ko a ƙona rumbu.” Faɗa da ƙone-ƙone ai ba sai an yi mana wasansu ba, muna jin labarinsu a rediyo da gaske.

Ina yawan tunanin abin da Haladu zai ce da ya ga zamanin nan. Na san zai riga ni sayen waya, da rawar kansa. Zai yi murna yanzu ba wani shugaba da zai goge maka kaset, ba ka jiran motar Kano. Amma ina jin zai tambaye su me ya sa aka sami ’yancin nuna komai, sannan aka zaɓi abin da mai raguna biyu ya zaɓa. Na ce da samarin in suna son sunan wasan, su zo in kai su gonar su ɗauka a can yadda yake. Sun ce za su kira ni. Har yau wayata ba ta yi ƙara ba.

Abin da ya rage na Haladu ba hoto ba ne, ko ɗaya ba mu da shi yana motsi. Taku huɗun nan ne. ’Ya’yansa ba su taɓa sa garma a wurin ba. Burtalin ya ɓace gaba da baya, gonaki sun haɗe, sai daidai tsawon gonarsa kawai ake ganin hanya mai faɗi da ciyawa ta rufe, wadda ba saniyar da take iya isowa gare ta. Gonar da ta toshe ta daga gabas tawa ce, ni ɗan makiyaya da na sayar da shanu na koma noma. Shekaranjiya na je na tsaya a kan iyakar ina ƙunƙuni a kan masu talabijin da samarin waya, sai na tuna maganar da ya faɗa wa manomin nan. Ina tsaye a bayansa ranar, kuma na ji ta sarai. Gobe da safe zan je da fartanya, in mayar wa burtali abin da na ci masa.