Ranar da Aka Ja Motar Darakta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, sha huɗu ga Agusta, wa'adi ya cim ma Malam Matsa-Gaba, babban jami'in sintiri na Hukumar Kula da Wuraren Ajiye Motoci ta birninmu. Na karanta tarihin sarakuna da na janar-janar, ban ga wanda usur ɗinsa kaɗai ke sa attajiri ya baro layin banki a guje ba, sai kai.

Malam, kai ne ka ɗaure tayar motar surukinka da marin ƙarfe a ƙofar kasuwa, sannan ka durƙusa ka gaishe shi. Kai ne kuma kake tsayuwa cikin rana a gurbin ajiye mota na ƙofar asibiti, kana tsare shi da jikinka domin matan da ake kawowa kan naƙuda.

Wajibi ne in sanar da kai abin da ya faru bayanka. An sallace ka, an saka makara a mota, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, masu haƙa suna ta bugo waya cewa ruwa zai cika kabari. Sai ga wata baƙar jif ta gicciye a bakin lungunku, ko keke ba zai wuce ba. Ta Daraktan hukumarku ce, direbansa kuwa ya tafi cin abinci da makulli.

"A ɗan jira yaron," in ji Darakta.

Iska ta taso. Manyan jami'ai suka duƙufa nazarin takalmansu. Direban janwe, motar jan motoci ta hukumar, wanda kai ka koya wa aiki, yana tsaye gumi na zuba, ya dubi makara, ya dubi Darakta, mai sa hannu a takardar kora.

Sai muryar maiɗakinka ta fito daga zaure: "Ɗana, da shi ne a tsaye nan, sai ya jira wani ya gama cin abinci?"

Direban janwe ya goge fuska da hula. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni." Ya ja janwe baya, ya maƙala ƙugiya. Jif ta ɗaga hanci sama, tana kururuwa, aka yi gaba da ita, kai ma aka wuce da kai.

Muna tura ƙasar ƙarshe ruwa ya kece. Darakta, wanda ya iso maƙabarta a bayan babur, ya tsaya sharkaf cikin babbar riga, ya amsa amin tare da mu.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya yalwata makwancinka. Ga maiɗakinka, 'ya'yanka, da surukinka da ya fi kowa kuka, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.