Kunnen Auta na Dama

Auta ƙanwata ce, ɗaki ɗaya muke kwana, saboda haka duk mai ba da labarinta sai dai ya biyo bayana. Ita tana jami'a tana karanta kimiyya, ni kuma ina ɗinki a shagon da ke ƙasan benenmu.

Yarinyar nan ba ta jin waƙa a waya. Wai waƙar da aka naɗa kamar hoton abinci ce, ka gani amma ba ka ƙoshi ba. Ita sai ta ga makaɗa da idonta, suna gumi, tsirkiya ta tsinke a ɗaura wata a ci gaba. Kuma ba ta zama a kujera kamar 'ya'yan mutane. Can gaba take kutsawa, jikin lasifika, har ta dafa akwatin da hannu.

Abu na biyu da ke cin ranta shi ne halittun wasu duniyoyi. Ina taka keke za ta zo ta zauna a kan yadin mutane ta fara.

“Yaya, taurarin nan sun fi yashi yawa. A ce duk faɗin nan mu kaɗai Allah ya zuba? Ni dai ban yarda ba.”

Na ce, “To su sauko su taya ki wanke-wanke. Tashi min daga kan kaya.”

Ba tsoronsu take ji ba, tausayinsu take ji. Ta ce sauti ba ya tafiya sai da iska, to idan duniyarsu babu iska, bayin Allah ba su taɓa jin ganga ba ke nan. Babanmu in ya ji irin wannan sai ya ce Allah ya shirya, ya ɗauki hularsa ya fita.

A shekararta ta uku na fara kiranta tana share ni. Na ɗauka raini ne, na yi ta masifa. Sai wata rana da hantsi ta ce in kashe abin nan da ke ƙara, ya ishe ta. Babu abin da ke kunne a ɗakin. Nan na gane a kunnenta ƙarar take, na ja ta asibiti.

Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce kunnen hagu ya yi nisa, ba zai dawo ba. Na dama ne ya rage, shi ma in ta ci gaba da manne wa lasifika zai bi ɗan'uwansa. A lokacin kuma makaɗan makarantarsu na shirin wasan ƙarshen zango, wanda ta daɗe tana ɗoki. Na ce ko ƙofar zauren ta taka sai na saɓa mata. Ba ta yi musu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta daina zama a kan yadi, ta daina zancen taurari, ta ci abinci ta kwanta. Wallahi shirun nan ya fi surutunta damuna.

Ranar wasan, da la'asar na rufe shago, na miƙa mata robar toshe kunne da likita ya ba mu, na ce ta sa takalmi. Muka zauna a layin ƙarshe, dab da ƙofa. Da aka buga ganga sai da ta ɗaga daga kujera, na riƙe gefen rigarta. Ta kalli gaba, inda ƙawayenta ke ɗago mata hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta koma ta zauna da kanta. Har aka tashi ba ta matsa ba, ƙafarta kawai ke bin kiɗan. Ni ban gane komai a wasan ba, ita nake kallo.

A hanyar gida bakinta ya buɗe. Wai ta sake tunani, mai yiwuwa halittun nan suna da kiɗansu, da tafin ƙafa suke ji. Na ce Allah ya sawwaƙe, na fara ba ta amsa. Sai ta tsaya, ta zagayo ta bayana ta koma ɗaya gefen, ta juyo min da kunnen dama.

“Sake faɗa, Yaya,” in ji ta. “Yanzu ina jin ki.”